Tumbin Alhaji Abdulgani da Tiren Baƙinsa

A ƙasar da na yi karatu na fara jin labarin aikin rage tumbi, kuma gaskiya ban ɗauke shi a bakin komai ba. A ganina aiki ne na waɗanda daɗi ya yi wa yawa, suka kasa kame bakinsu, suka je likita ya kame musu da wuƙa. Ban taɓa kawo wa raina mutumin Njamena zai kai kansa a yanke masa lafiyayyen tumbi ba, a garin da in ka rame ake tambayarka wa ya rasu. Har yanzu ban gama yanke wa aikin hukunci ba. Amma maganar kame baki na janye ta tun ranar da na zauna da Alhaji Abdulgani a ƙofar gidansa a unguwar Chagoua.

Gidan ba ya ɓuya. In iska ta juyo daga wajensa, tun daga bakin kwalta tattasai zai fara sa mutum atishawa. Gidan baƙi ne tun kaka. Kakan Alhaji, Malam Abdurrahim, mutumin ƙasar Kano ne da ya fito da ƙafa zai tafi Makka. Da ya iso bakin kogin Shari matarsa ta haihu, ya ce bari su jira damina ta wuce. Jiran ke nan har aka binne shi a nan. Shi kuwa ya ɗanɗani baƙunci a hanya. Ya san yadda ake ajiye wa matafiyi abinci, maigida ya kai loma biyu ya tsame hannu ya ce alhamdu lillahi, baƙo saboda kunya ya tsame nasa, ya kwana cikinsa na ƙugi. Don haka da ya kafa gida sai ya kafa masa doka guda: maigida zai zauna ya ci tare da baƙo, kuma ba zai cire hannunsa daga akushi ba sai baƙo na ƙarshe ya cire nasa.

A zamanin Malam dokar ba ta da nauyi. Baƙi jifa-jifa ne, abincin kuma tuwon gero da miyar kuka. Abdulgani ne ya gaji gidan a zamanin manyan motoci. 'Yan kasuwar Nijar ke sauka wurinsa da tattasai da kanwa da albasa. Shi ke ajiye musu kaya, ya nemo masu saye, ya shiga tsakani in ciniki ya rikice. Motoci kuwa ba sa isowa tare. Wata ta shigo da hantsi, wata bayan azahar, wata dab da magariba, kowace da mutanenta, kowane ayari da tirensa. Tiren ma ya sake kama: shinkafa tana ninƙaya a mai, taliya, naman rago, soyayyen kifin Shari, in an gama a biyo da shayi mai sukari har yana danƙo a leɓe. Abdulgani yakan ci abincin rana sau uku, wata rana sau huɗu, ba don yana jin yunwa ba. Yakan zauna ya ce "faddal, bismillah," ya yi ta kai hannu yana satar kallon baƙon da ya fi kowa jinkirin tauna.

Babu wanda ya ga aibu. Tumbinsa shi ne tambarin gidan. Wanda bai san gari ba, ya isa ya ce wa ɗan kilando mai haya da babur "gidan mai tumbi," za a sauke shi a ƙofa. Cikin masu sauka akwai Rabi'u, dillalin tattasai daga Damagaram, wanda ke wasa da Abdulgani irin wasan Badamagare da jikan Bakano. Duk zuwa sai ya daki tumbin da tafin hannu kamar mai zaɓen kankana.

"Ya nuna hwa, Bakano. Yaushe za mu hwasa shi?"

"Ranar da Badamagare ya ce ya ƙoshi. Ka ga babu rana ke nan."

Jiki ne ya fara kai ƙara. Sallah ta koma kan kujera. Barci ya koma a zaune, don in ya kwanta numfashinsa kan ɗauke har sai matarsa Lauratu ta girgiza shi. Sai ciwon suga, sai hawan jini, sai wani ɗan rauni a ƙafa da ya ƙi warkewa. Ma'aunin asibitin unguwa ya gaza shi, sai a tsakar gidansa aka ɗora shi a sikelin buhuna, masu dako suna kau da kai don kada ya ga fuskarsu. Likita ya sa shi a kan abincin da nan ake cewa rejim. Lauratu ta riƙa dafa masa nasa daban, ba mai, ba gishiri, shi kuma ya bi umarni tsakani da Allah: yakan cinye na likita a ɗaki, ya wanke hannu, ya fito zaure ya zauna da baƙi. Da aka sake awo sai aka ga ya ƙaru.

Likitan bai ɓoye masa ba. Ya ce in nauyin nan bai sauka ba, ƙafar ce za ta fara tafiya, sauran jiki ya bi ta. Shi ya kawo maganar wani aiki da ake yi a waje, baifas sunansa, ya haɗa shi da wani asibiti a Tunis.

Abdulgani ya hau jirgi da tunanin aikin mahauta za a yi masa, a buɗe, a kwashe kitse, a ɗinke, ya dawo gida ya ci gaba da rayuwarsa. Likitan Tunis ya zana masa hoto a takarda.

"Ba kitse za mu taɓa ba, Alhaji. Saman tumbinka za mu yanka mu mai da shi ɗan aljihu, mu jawo hanji mu jona a nan. Abinci zai tsallake sauran tumbin da farkon hanji. Ba za ka iya ci da yawa ba, abin da ka ci ma ba duka jiki zai ɗauka ba."

Ya ɗaga ɗan kofin shayin da ke kan teburinsa. "Kamar wannan."

Abdulgani ya dubi kofin. Ko kurɓarsa biyu bai kai ba.

"Har zuwa yaushe?"

"Har ƙarshen rayuwa."

Likitan ya ci gaba da jero masa sauran: akwai wanda ɗinkinsa ke yoyo, akwai wanda ba ya tashi daga aikin, ko da yake ba su da yawa, kuma maganin ƙarin jini da bitamin sun zama nasa har abada. Duk wannan bai girgiza Abdulgani ba, mutuwa ai ta Allah ce. Abu ɗaya ya tambaya.

"Dokta, to baƙi fa?"

"Waɗanne baƙi?"

Ya yi masa bayanin dokar kakansa. Likitan ya yi murmushi, ya ɗauka raha ce, ya ce, "Ka ce musu su ci, kai ka kalle su." Abdulgani ya dube shi kamar wanda aka ce ya tafi masallacin Juma'a ba wando. Da suka fito ya ce wa Lauratu ta haɗa kaya, gida za su koma. Ita kuwa ba ta ɗaga murya ba.

"Alhaji, in aka yanke ƙafar, da me za ka fito zauren? In kuma ta Allah ta kasance, gawarka ce za ta taya su ci?"

Aka yi aikin.

Watannin farko a cikin gida ya yi su, daga romo zuwa kunu marar sukari zuwa dafaffen kifin da aka murje. Marar lafiya ba a ganin laifinsa, don haka babban ɗansa Mubarak ya riƙe zaure, kowa na jiran maigida ya miƙe. Nama kuwa yana narkewa a jikinsa kamar gishiri a ruwa. Ranar da ya fara fitowa ƙofa, wata maƙwabciya da ta san shi tun yana ango ta durƙusa ta yi masa gaisuwar baƙo, ta ce, "Malam, don Allah ya jikin maigidan?" Da ya amsa mata da muryarsa sai ta saki kwanon da ke hannunta, ta ja da baya tana salati.

Ba a daɗe ba Rabi'u ya iso da mutanensa. Ya shigo zaure hannu a ɗage, a shirye ya daki tumbi, sai ya tsaya cak. Riga ya gani a rataye a kan ƙashi, wuya ya fito dogo, fata ta zubo a ƙarƙashin haɓa.

"Inna lillahi! Bakano, mi suka yi maka? Ina sauranka?"

"Yana Tunis. In ka je ka karɓo mini."

Rabi'u bai yi dariya ba.

Aka kawo tire, tuwo da miyar kuɓewa da nama. Abdulgani ya wanke hannu ya zauna a mazauninsa. Loma ta farko lafiya, ta biyu lafiya. A ta uku ya ji ya cika har wuya kamar ya cinye rago. Ya ɗaga ido, baƙi ko ɗumama hannu ba su yi ba. Ya tuna likita, ya tuna kakansa, ya gutsuro wata. Abin ya tokare masa ƙirji kamar dutse. Don ya tura shi sai ya miƙa hannu ya karɓi shayi, alhali an ja masa kunne kada ya sha komai a kan abinci, kada kuma ya kusanci sukari. Ba a jima ba gumi ya keto masa, zuciyarsa ta shiga duka kamar za ta fasa ƙirji, zauren ya fara juyawa. Ya kife a gefen tire yana amai, jikinsa na karkarwa.

Baƙi suka watse kamar maciji ya fito daga cikin tuwon. Wani ya zura yatsa a maƙogwaro, wani yana ihu a kawo madara, guba ce. Lauratu, wadda baƙo bai taɓa ganin fuskarta a zaure ba, ta fito ba takalmi, ta ratsa maza ta kwantar da mijinta.

"Ba guba ba ce," ta ce. "Taurin kai ne. Ku zauna ku ci abincinku."

Babu wanda ya zauna.

Kafin la'asar labari ya haye gada ya isa unguwar Walia. Wasu suka ce sammu ne. Wasu suka ce ciwon nan ne da ba a faɗar sunansa, aikin Tunis sutura ce kawai. Akwai wanda ya rantse tumbin an cire shi an dasa wa wani attajiri, shi kuma aka sa masa na akuya.

Da ya farfaɗo sai ya koma dabara. Yakan zauna a tire ya tsinci ɗan abu kamar ƙwayar gyaɗa, ya yi ta taunawa har ya narke, hannunsa na yawo a gefen miya don a ce dai yana ciki. Amma baƙo yana da ido. Yaya mutum zai cika baki a gaban maigidan da ke tsattsagar abinci kamar tsuntsu? Kowa ya rage loma, kowa ya riƙa cewa alhamdu lillahi da wuri don a sauƙaƙa wa marar lafiya. Tire ya riƙa komawa cikin gida da rabi. Lauratu takan ajiye shi inda zai gani.

Wata rana bayan an ɗauke tire ya leƙa waje, sai ya hangi baƙinsa a tsallaken titi wurin mai gashin nama, suna cin nama da burodi a tsaye, sun ba gidansa baya. Sun tashi daga tirensa da yunwa, sun je sun saya, suna ɓoyewa don kada ya ji kunya. Ya daɗe riƙe da ƙyauren. Abin da ya sa kakansa ya kafa dokar, shi ne ke faruwa a ƙofarsa. A wannan kaka motoci da dama suka wuce Walia, wurin wani mai masauki.

Sai ya haƙura ya bar wa Mubarak mazaunin gaba ɗaya. Shi ya koma kan buzu a gefe yana jan hira, ɗansa yana riƙe tire. Sannu a hankali baƙi suka dawo, tire ya koma shiga gida a suɗe.

Shi ma jikinsa ya biya shi. Raunin ƙafa ya rufe. Suga ya sauka har likita ya rage masa magani. Ranar da goshinsa ya sake taɓa ƙasa a sujada, bayan shekarun kujera, sai da na kusa da shi ya taɓa shi don ya ga ko lafiya. Sai dai abin bai zo kyauta ba. Sumarsa ta zuba, sanyi yake ji ko a tsakiyar bazara, fatar cikinsa sai ya naɗe ta kafin ya ɗaure wando. Abin da ya fi ba shi tsoro kuwa shi ne yunwa ta daina zuwa. Ƙamshin miyar Lauratu kan ratso tsakar gida, ya ji shi sarai, amma cikinsa shiru, kamar ba da shi ake ba.

Mubarak ɗan fari ne. Don haka uban ba ya kiran sunansa, ba ya yabonsa, ba ya ma tsayawa ya ƙare masa kallo. "Kai" yake ce masa, in yana maganarsa da wani kuma "wancan." Siriri ne kamar uwarsa, a da da keke yake zuwa gonarsu a Toukra ya dawo ko haki ba ya yi. Wannan kunyar ce ta sa duk unguwa ta ga abin kafin uban ya gani.

Bayan damina biyu, wata Juma'a Abdulgani na dawowa daga masallaci sai ya ga bayan wani mutum yana shiga zaurensa cikin shuɗiyar riga. Ya san rigar. Tasa ce ta da, cikin waɗanda Lauratu ta ajiye a akwati. Ya san tafiyar ma, ƙafafu a ware, kafaɗa na rangaji. Ji ya yi kamar kansa yake bi a baya. Mutumin ya juyo, Mubarak ne. Rigar ba ta yi masa yawa sosai ba.

A ranar motar Rabi'u ta makara, tirensu ya zama na uku. Abdulgani yana kan buzunsa ya ga ɗansa ya dafa bango kafin ya kai ƙasa, ya ji numfashinsa na fito. Rabi'u ya miƙa hannu ya daki cikin saurayin.

"Madalla! Wannan ma ya hwara nuna. Gida bai mutu ba."

Zaure ya ɗauki dariya. Aka sa hannu. Abdulgani bai ji hirar da ake yi ba, ɗansa yake kallo, karo na farko ido cikin ido da abin da ke gabansa. Ya ga yadda yake juya loma a hannu kafin ya kai baki. Ya ga yadda yake haɗiya da ƙyar, gumi na bin wuyansa, yana satar kallon wani dattijo marar haƙora da ke can gefe yana mamular nama. Babu abin da bai sani ba a cikin wannan.

Ya miƙe. Ya zagayo bayan baƙi, ya sunkuya, ya kama wuyan hannun ɗansa da lomar a ciki, ya ɗaga shi daga tiren.

"Ya isa. Tashi, Mubarak."

Duk zauren ya zuba musu ido. Babu wanda ya taɓa jin sunan a bakinsa, babu wanda ya taɓa ganin ya riƙe hannun yaron ko yana goye.

"Baba, baƙi ba su gama ba."

"Na gani. Tashi."

Hannaye suka fice daga tiren ɗaya bayan ɗaya. Dattijon ma ya ajiye ƙashinsa. Rabi'u ya share yatsunsa a gefen tire, wasa ya bar fuskarsa.

"Alhaji, lahiya? Ko mun yi wani laihi ne?"

"Ba ku yi ba." Har yanzu bai saki hannun ba. "Tiren nan ya ci ni, na yarda, ni aka bar wa. Amma ba zan zauna a kan buzu ina kallo ya ci wannan ba. Abinci ga shi nan, ba zai ragu ba ko da cokali. Za mu zauna da ku, mu yi hira har ku ƙoshi. Sai dai daga yau hannun ɗan gidan nan sau ɗaya zai shiga tiren rana. Wanda ya ga an wulaƙanta shi, ni da kaina zan raka kayansa Walia, ba gaba, ba riƙo."

Da Alhaji ya kawo nan a labarin sai ya tsaya yana murza fatar bayan hannunsa. Sai na ce, "To Alhaji, sun ci?"

"Uku sun tashi," ya ce. "Har yau ba su sake sauka a nan ba, ɗayansu tun zamanin mahaifina yake zuwa. Sauran suka zauna suna kallon tiren kamar gawa ce a ciki. Can Rabi'u ya naɗe hannun riga, ya ce tunda mu Kanawa mun gudu daga tire, shi zai tsaya. Ya yi bismillah ya ci shi kaɗai, ina zaune a gabansa, hannuna a kan gwiwa. Ɗana, yankan Tunis ban ji shi ba, barci aka sa ni. Wannan kuwa idona biyu."